Giram 60 a hanci, kuma Shaho ya daina wulgawa

Jiya da sassafe, bayan sati biyar ina fama, Shaho, rokar ruwa da na haɗa da kaina, ya tashi sambal kamar an ja shi da zare. Ƙanena da ke riƙe da ma'aunin kusurwa, mita 50 daga wurin harbi, ya karanta digiri 52, wato wajen mita 64 ke nan. Na san akwai waɗanda za su ce 64 ɗin me, amma wanda ya ga yadda rokar nan take wulgawa a sama a watan jiya ya san abin da ya sa na yi ta tsalle a fili kamar ƙaramin yaro.

Ga waɗanda ba su ga na baya ba, Shaho robobin lemo ne biyu na lita ɗai-ɗai da na haɗa gindi da gindi, da ɗakin lemar sauka (parashut) a sama, sai hanci. Tsawonsa santimita 95, kaurinsa 8, nauyinsa babu ruwa giram 260. Ina ba shi iska har 70 a gejin famfon keke. Da bakin roba a buɗe ya tashi sau tara lafiya lau. Ni na tsokano tsuliyar dodo da kaina, da na ga rokokin da ke jan wutsiyar ruwa mai tsawo a bidiyo na ce sai nawa ya yi haka, na matse bakin zuwa milimita 9.

Tashin farko da sabon baki, ko mita goma bai kai ba ya juya gindi sama, ya yi alkafura biyu yana feshin ruwa ta ko'ina, ya faɗo ya fasa fiffike ɗaya. Na ce iska ce. Na biyu ma haka. Na uku ya nufo inda muke tsaye, sai da muka watse.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk gwajin da na yi a gida ya nuna ba matsala. Na ɗaura igiya a cibiyar nauyi na juya shi a tsakar gida, hanci na gaba daram. Na zana shi a OpenRocket, manhajar zanen roka, ta ba ni cibiyar turin iska, wato inda turin iska ke tattaruwa a jikin roka, a santimita 66 daga tsinin hanci, cibiyar nauyi kuma na auna ta a kan wuƙa ta faɗa a 52. Tazarar 14, kusan kaurin rokar sau biyu, daidai abin da kowa ke faɗa: cibiyar nauyi ta riga ta iska da kauri ɗaya zuwa biyu. Har siffar rokar na yanka a kwali na auna cibiyarta don in tabbatar, shi ma bai saɓa da yawa ba.

Kwana huɗu ina juya abin a raina kafin in gane wautata. Duk awon nan a bushe na yi shi, alhali rokar da ke barin sandar harbi, wadda ke riƙe ta a miƙe a farkon tashi, da ruwa take tashi. Mililita 600 nake zubawa, giram 600 ke nan, ya ninka nauyin rokar fiye da sau biyu, kuma duk yana zaune a gindi, wajen santimita 84. Da na sake lissafi da ruwan a ciki, cibiyar nauyi ta koma 74. Ta wuce ta iska da santimita 8 ta baya. Kibiya ce aka ɗaura wa dutse a wutsiya.

To me ya sa da can bai wulga ba? Saboda buɗaɗɗen baki, mai wajen milimita 22, yana zubar da ruwan cikin ƙiftawar ido, kafin rokar ta samu damar karkacewa ta riga ta zama busasshiya mai gudu. Ƙaramin baki kuwa yana riƙe ruwan ya ƙara daɗewa, turin ma ya ragu, don haka rokar tana barin sandata ta rabin mita a hankali, fiye da rabin ruwan na nan a gindinta, iskar da ke bi ta fukafukai ba ta da ƙarfin gyara ta. Masu manyan rokoki a Amurka, waɗanda ke harba manyan injina na aji H zuwa sama bayan sun samu shaidar ƙungiyoyin masu roka, NAR ko Tripoli, wannan ciwon suke fama da shi: da zarar an sa babban inji a gindi sai nauyi ya ja baya, shi ya sa suke auna roka da injinta a ciki, su cika tsinin hanci da ƙwayoyin dalma da gam. Na sha karanta wannan, ban taɓa kawo wa raina cewa ruwana ma inji ne ba.

Daga nan sai na yi abin da mai fushi ke yi. Na je Panteka a nan Kaduna na sayo noti da washa, na haɗa giram 150, na cusa su can ƙarshen hanci na naɗe da salatif. A lissafi da ruwa cibiyar nauyi ta dawo 64, ta ɗan riga ta iska da kaɗan, na ce shi ke nan an gama.

Ranar da muka je gwadawa hunturu ya riga ya shigo, iska na kaɗawa daga arewa maso gabas da ƙura a bakinta, ƙarfe goma na safe. Bai kamata in harba ba. Amma mun biya kuɗin adaidaita tun daga Unguwar Rimi har bayan Millennium City, ga jarkar ruwa mun ɗauko, wa zai koma? Shaho ya tashi bai wulga ba kam, sai dai ruwan na ƙarewa ya sunkuyar da kai ya fuskanci iska, ya miƙe a kwance kamar jirgin da ke neman sauka. Babu ruwa, cibiyar nauyi tana 34, tazara ta zama kauri huɗu, kuma roka mai irin wannan tazara duk iskar da ta buge ta a gefe sai ta juya hanci ta bi inda iskar ta fito. Lema ba ta buɗe ba, don nawa tsarin sai roka ta tsaya a ƙololuwa hanci ya zame, wannan kuwa ba ta tsaya ba.

A cikin lambun wani dattijo ta sauka, kusa da bakin kogi. Muka tarar da shi tsaye a kanta da fartanya a kafaɗa, hancin ya nutse cikin kunyar tumatir, notunan sun ɓalle sun huda roba sun fito.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, a yi haƙuri, tamu ce."

Ya dube ni ya dubi abin, ya ce, "Yaro, wannan da kan mutum ta samu fa?"

Ban da amsa. Na biya shi naira 3,000 na shukar da muka tattake wajen shiga, ya karɓa da ƙyar, ya ce mu riƙa matsawa can nesa da lambuna. Kuɗin bai yi mini zafi kamar tambayar ba, don giram 150 na ƙarfe da ke gudu a kwance ba wasan yara ba ne. Tun ranar na daina harbi in akwai kowa a gaba, ko da nisa. Kuma don Allah masu tambayata fili a wajen Mando, ku bari, ga filin jirgi ga sansanin sojan sama, ba wurin harba komai sama ba ne ko da ruwa ne.

Na zauna da takarda na nemi nauyin da zai ba ni kauri ɗaya cif da cikakken ruwa. Ya fito giram 255. Wato sai na ɗora wa rokar wata rokar a ka. A nan na haƙura da tunanin cewa hanci kaɗai zai warware matsalar. Na rage ruwa zuwa 450. Na sa maƙeri ya yi mini sabuwar sanda mai mita ɗaya da rabi, don kafin Shaho ya bar ta yawancin ruwan ya fita kuma ya samu gudu. Nauyin hanci na tsayar a giram 60. Da haka a kan sanda cibiyar nauyi tana 68, har yanzu bayan ta iska da kaɗan, amma sanda na riƙe da shi a lokacin; rabin ruwa na fita ta dawo wajen 61, in ya ƙare ta tsaya a 43. Kusan kauri uku ne a bushe, ya ɗan yi yawa, na sani, shi ya sa yanzu ba na harbi sai tsakanin asuba da ƙarfe bakwai da rabi kafin iska ta farka.

Ɗaure nauyin ma sai da ya ci mini hanci guda. Dalma na so sawa, irin wadda masu gyaran taya ke maƙalawa a rim, amma guba ce kuma yara na shiga ɗakin da nake aiki, sai na koma ƙwayoyin boris da wani bakanike ya tara mini kyauta. Na zuba su a tsinin hanci, na kwaɓa gam mai haɗi biyu, mai saurin kamawa, na tuttula duka lokaci ɗaya. Minti kaɗan na ji robar ta yi zafi a hannuna, ina kallo tsinin ya lanƙwashe gefe guda kamar bakin aku. Gam ɗin nan zafi yake fitarwa in yana daskarewa, kuma iya yawansa iya zafinsa. Naira 4,500 na gam da hancin da na kwana biyu ina gogewa, duk sun tafi.

A na biyu na tsoma tsinin cikin kofin ruwan sanyi, na zuba gam ɗin kashi uku, ina barin kowanne ya huce. Kafin zubi na huda hancin na ratsa guntayen sifok ɗin keke guda biyu a gicciye, don gam ba ya kama irin wannan roba da kyau, santsi gare ta. Ƙarfen da ya ratsa shi ke riƙe dunƙulen in roka ta daki ƙasa. Na kuma goge cikin da samfefa. Daga waje na rufa masa rabin ƙwallon tanis don ya rage mugunta in lema ta sake ƙin buɗewa, kuma nauyinta na cikin giram 60 ɗin, kada wani ya manta ya auna nasa.

Jiya sau uku muka harba. Na farko shi ne mai 64. Na biyu ya ɗan girgiza wutsiya yana barin sanda, sannan ya miƙe, ina zargin fiffiken da na liƙa bayan faɗuwar farko bai zauna daidai ba. Na uku lema ta makara, ta buɗe saura kamar mita goma sha biyar, ya sauka da ɗan ƙarfi, na ruga na girgiza hancin a kunnena ban ji ko ƙwaya ɗaya tana motsi ba.

Yanzu abin da ke raina shi ne in janye fukafukan baya, su zarce bakin roba, ko in ƙara tsawon ɗakin lema da santimita goma in ga ko zan iya sauke nauyin zuwa 40. Wanda ya taɓa gwada ɗaya daga ciki da baki mai milimita 9 ya faɗa mini abin da ya gani kafin in sake yanka roba, don lita ɗai-ɗai masu kaurin nan guda biyu kacal suka rage mini.