Mako na Shida a Kan Tsayuwar 'Yar Rawar Degas

'Yan'uwa masu koyon zane, yau mako shida ke nan ina fama da tsayuwa guda ɗaya tak, wato ta mutum-mutumin yarinyar nan 'yar shekara 14 da mai zanen Faransa Edgar Degas ya ƙera da kakin zuma, ya ɗaura mata siket na yadi, ya sa mata gashin mutum na gaske, sannan ya baje ta a Paris a 1881. Ƙafar dama a gaba, hannuwa harɗe a baya, haɓa a ɗage. Da ganin hoto sai mutum ya ɗauka abu ne mai sauƙi, amma takarda goma sha ɗaya na ɓata da gawayi, kowacce kuwa sai yarinyar ta fito a sandare kamar an kafa turmi.

Abin da ya warware mini matsalar shi ne kallon bidiyon rawar bale, wato rawar dandamali ta Turawa, da Patrice Bart ya tsara wa gidan rawa da waƙa na Opera na Paris a 2003, da kiɗan Denis Levaillant, wadda ta bi rayuwar Marie van Goethem, 'yar rawar gidan Opera da Degas ya ƙera mutum-mutumin da siffarta. 'Yar talakawa ce, mahaifiyarta wankau take yi, kuma a 1882 aka sallame ta daga Opera. Na riƙa tsayar da bidiyon duk lokacin da mai rawar ta koma wannan tsayuwa, a nan ne na lura cewa nauyin jiki kusan duka yana kan ƙafar baya, ta gaba an aje ta ne kawai, ciki ya ɗan turo, kafaɗu kuma hannuwan ne suka janye su baya. Ni kuwa ina raba nauyin daidai tsakanin ƙafafun biyu, shi ya sa zanena ya ƙi numfashi.

A zane na goma sha biyu na fara da layi ɗaya daga maƙogwaro zuwa diddigen hagu kafin in taɓa komai, na bar siket ɗin sai a ƙarshe, na murza gawayin da ɗan yatsa don ya yi laushi. Nan take gajiya ta bayyana a jikinta, irin gajiyar yarinyar da ta wuni tana atisaye kuma aka ce ta ƙara tsayawa. A ganina wannan gajiyar ce Degas ya fi damuwa da ita, domin ya sha zana 'yan rawa suna hamma ko suna matsa ƙafa a bayan fage.

Har yanzu yatsun hannun sun gagare ni, suna dunƙulewa wuri ɗaya. Mako mai zuwa zan ajiye gawayi in ɗauki alli mai launi, irin wanda Degas ya fi amfani da shi a ƙarshen rayuwarsa, in zana hannuwan su kaɗai sau goma daga baya.