Mudun Saniyar Amurka da Bunajinmu

Ranar da sakamakon gwaji ya iso daga ƙasar waje, na zaci aiki ya ƙare. Ni na bi rugage ina tsige gashin wutsiyar Bunaji da Bokoloji, na zuba a ambulan, aka fitar da DNA, wato ƙwayoyin gado, aka karanta. Abin da ya dawo mini kuwa fayil ne maƙare da lambobi da haruffa huɗu, A, C, G da T. Ni kiwon dabbobi na karanta, ban taɓa buɗe Linux ba, tsarin kwamfutar da ake irin wannan aiki a kansa.

Tuntuɓen farko abin dariya ne. Manhajar PLINK, wadda ake nazarin ƙwayoyin gado da ita, ta ƙi karɓar fayil ɗin, na kwana biyu ina zargin kwamfutata. Ashe da ɗan Adam ta saba, mai kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) 22 ban da na jinsi, saniya kuwa 29 gare ta. Kalma guda ta rage in rubuta, --cow, shi ke nan ta wuce.

Na biyun ne ya kusa kunyata ni. Lissafina ya nuna wai Bunaji ba su kai Holstein, shanun nono na Turai, bambancin ƙwayoyin gado a tsakaninsu ba, har na fara rubutawa cikin zumuɗi. Malamina ya duba ya ce, "Kai ɗan nan, ba shanun ba ne, mudun ne." Gwajin da aka yi mana, BovineSNP50, wurare dubu hamsin da 'yan kai kawai yake leƙawa, kuma akasarinsu a jikin shanun Turai aka zaɓo su. Inda shanun Turai suka bambanta, namu sau da yawa iri ɗaya ne. Inda namu suka bambanta, gwajin bai ma san da wurin ba. Idan aka karanta gadon gaba ɗaya, masu tozo su ne kan gaba a bambanci.

Ko taswirar ƙwayoyin gadon shanu da kowa ke jera sakamakonsa a kanta, ta saniya guda ce 'yar Amurka, jinsin Hereford, mai suna Dominette. Da ita aka fitar da ta 2009, da ita aka sabunta a 2018. Ba ta da tozo, ba ta san sammore ba, ba ta taɓa cin rani a Katsina ba. Amma ita ce mudu.

Zancen wuta da data ba sai na ja shi ba. Ɗanyen fayil na gadon saniya ɗaya cikakke yakan kai gigabait gommai, kuma sau uku ana ɗauke wuta ina tsakiyar sauke fayil guda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin rubutu. Ina son gano ƙwayoyin da ke sa wata ta fi wata nono, amma kwamfuta ba ta da abin da za ta gwada su da shi. Makiyayin ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, duk a ka. Na ce, "Baffa, wannan ƙwarya nawa take bayarwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, da damina ko da rani?"

Wata shida na yi ina komawa rugar da asuba, da jarka mai awo da littafi, ina jira a gama tatsa. Shanu goma sha ɗaya daga cikin waɗanda na tsige wa gashi an sayar da su kafin in auna nononsu ko sau ɗaya.