Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Sakamakon Ɓargo

Makon jiya na tsaya a inda aka soka min allura a ƙashin ƙugu aka ɗebi ɓargo. An riga an gaya min kansar jini ce, mai saurin ci, har an fara yi min ƙarin ruwan magani. Saura gwaji ɗaya da aka aika Faransa. Ina kwance a asibiti a Yawunde, Yaya kuwa yana kwana unguwar Birikiteri wurin 'yan'uwanmu Hausawa, kullum da safe ya zo min da kunu.

Ranar da takardar ta iso, likita ta ja kujera ta zauna. Faransancina na kasuwar Garwa ne, don haka Yaya ke fassara.

Ta ce kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da zaruruwan gado 46, bibbiyu, ana kiransu kuromosom. A ƙwayoyina masu cuta, na 9 da na 22 sun gutsure sun yi musayar guntaye. Daga wannan mahaɗa ake samun sinadarin da ke tunzura fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Kuromosom ɗin da ya sauya haka sunansa Filadalfiya, sunan garin Amurka inda aka gano shi a 1960. Cikin manya huɗu masu irin cutata, kusan ɗaya na da shi.

Tambaya ɗaya ce a raina. Na ce, "Likita, 'ya'yana fa?"

Ta ce a ɓargona abin ya faru daga baya, ban gada ba, ba kuma zan gadar ba. Wallahi sai a lokacin numfashina ya dawo.

Ba ta ɓoye min komai ba. A da, in an ga wannan alama a babba, cutar kan yi saurin dawowa, kaɗan ne ke daɗewa. Amma tun da ƙwayar maganin imatinib ta fito a 2001 lamarin ya sauya, domin sinadarin nan take toshewa kai tsaye. Zan riƙa shan ta kullum, ƙarin ruwa kuma yana nan. Har yau yana ci min rai in na tuna mutanenmu na Garwa da Marwa da ake yi wa maganin zazzaɓi wata da watanni, ba wanda ya duba ɓargonsu.

Yaya ya naɗe takardar ya sa aljihu. "Ƙanena, ka kwanta. Bari in je in ji kuɗin maganin."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.