Talata: ni da tsohuwar kwamfutar ƙarƙashin tebur

Da nishaɗi na tashi yau. Koko da ƙosai, babur ya tashi da bugu ɗaya, har na riga Sadiku zuwa ofis.

Kafin hantsi na gama haɗa kwamfutar nan da na yi wa Alhaji alkawarin za ta zama mana rauta, wato na'urar da ke kai-kawo da bayanai tsakanin ofis da intanet, ba sai an zuba kuɗi a sayo sabuwa ba. Na cusa mata katin sadarwa na Intel X520 mai baki biyu, kowanne mai gudun gigabit 10 a sakan, na ɗora Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), na gwada da iperf3, manhajar auna gudun layi. Gigabit 9.4! Har hoton allon na ɗauka na tura wa Alhaji. Ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka."

Ina cikin shan iska sai Sadiku ya leƙo ta bayana.

"Oga, da manyan fakiti ka gwada ko?"

Fakiti dai su ne ƙulle-ƙullen da ake rarraba bayanai a ciki kafin a tura su ta layi. Na ce masa to da me kake so in gwada. Ya sosa ƙeya, ya ce ko a ɗan jarraba ƙanana, masu bayit 64. Na ce bisimilla, don in rufe masa baki. Muka sake mata ƙananan, sai baiwar Allah ta fara zubar da kaya. Miliyan ɗaya da 'yan kai take iya wucewa da su a sakan, sauran duk a ƙasa. Furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kawuna huɗu gare ta: guda ya cika fam, sauran ukun suna zaune suna kallo.

Abin da ya fi ƙona min rai, lissafin nan na san shi tun ba yau ba. Fakiti mai bayit 1500, kimanin dubu 812 ne ke cika layin a sakan. Mai bayit 64 kuwa, idan ka haɗa da share-fagensa da 'yar tazarar da ake bari tsakani ya zama 84, sai miliyan 14.88 kafin layin ya cika. Ke nan nanosakan 67 gare ka a kan kowanne (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Furosesa mai gigahaz 3, wato bugu biliyan 3 a sakan, bugu 200 kacal ke nan. Idan ta nemi abu a ma'ajiyarta ta kusa ta rasa, ta miƙa hannu RAM, ma'ajiyar da ta fi nisa, sau ɗaya, lokacin ya kusa ƙarewa, ba ta ma duba inda fakitin zai nufa ba.

Sadiku ya ce kamar ɗan dako ne: buhun shinkafa guda zai saɓa ya wuce, amma a ƙulla masa ita a leda ƙulli-ƙulli, a ce kowanne sai ya duba sunan mai shi, sai ya kwana a kasuwa. Na yi dariya, amma ba har ciki ba. Yaron nan bara ni na koya masa matse kan waya.

Bayan azahar na rarraba layukan katin a kan kawuna huɗun. An samu sauƙi, ba a kai ko kusa ba. Saura in gwada XDP, wata hanyar sarrafa fakiti da sauri wadda ta shigo Linux tun 2016, tana tarar fakiti tun a bakin ƙofa. Ko DPDK, wani tsarin manhaja mai irin wannan aiki, amma shi ƙwace katin yake yi daga hannun Linux gaba ɗaya, dokokina na iptables masu tace abin da zai wuce su tashi a banza, ga shi yana riƙe furosesa tana juyi dare da rana ko babu mai wucewa. A kan batirin inbatarmu? Hmm.

Na san ba kullum ake samun ruwan ƙananan fakiti zalla ba. Sai dai ranar da wani ya yi mana ambaliya da gangan, da su zai zo.

An ɗauke wuta wajen la'asar. Tuwon dare ko rabi ban ci ba, har Maman Hafsa ta tambaya ko lafiya.

Hoton nan yana nan a wayar Alhaji. Sau uku ina rubuta "Ranka ya daɗe, akwai ɗan ƙarin bayani" ina gogewa.