Blackwater Park, a saurare shi da kunne biyu

Duk mai son fahimtar faifan Blackwater Park na Opeth, ƙungiyar makaɗan metal (kiɗan jita mai nauyi da ƙara) ta Suwidin, wanda ya fito a 2001, kada ya kunna shi ta lasifikar waya. Jitar bes ta Martín Méndez ɓacewa take yi, sai hayaniya ta rage. A sa abin ji na kunne, a bi waƙoƙi 8 ɗin a jere, kusan minti 67.

Abin da ke taɓa zuciyata shi ne yadda mawaƙin ƙungiyar, Mikael Åkerfeldt, ke gurnani, nan take ya koma tattausar murya bisa jitar katako. Yawancin waƙoƙin ma ba a sassauta tsirkiyar jita don ƙara wa sautin nauyi ba, nauyin daga tsarin kiɗan yake fitowa. Hannun Steven Wilson kuwa, mawaƙin Birtaniya da ya taya su shirya faifan, ya fi bayyana a jeren muryoyi da fiyano.