Kwana Bakwai a Kan Bahar Maliya

Ranar da na gaya wa mahaifiyata, a gidanmu na cikin birnin Zariya, cewa zan je in yi mako guda ina kwana a cikin jirgin ruwa ina nutso a Bahar Maliya, sai ta yi shiru tana jan carbi, can ta ɗago ta ce, "Kai da na hana ka zuwa Kubanni kana yaro, yanzu da furfura ta fara fito maka teku za ka shiga?" Na ce, "Hajiya, da malamai da kayan aiki ake shiga, kuma ba yau na fara ba." Ta ce, "To, Allah Ya tsare, amma ka sani ruwa ba sa'an kwando ba ne."

Gaskiya na faɗa mata. Iyo dai da girmana na koye shi, a wurin ninkaya na wani otal a Kaduna, nutso kuwa na koye shi ne a Hurgada, wani gari na Masar a bakin Bahar Maliya, bayan wani aiki na wata uku da ya kai ni Alƙahira. A can na samu takardar shaidar farko, wadda ke ba mutum izinin sauka zuwa mita 18, daga baya na ƙara ta biyu mai kai wa mita 30. Amma duk nutson da na yi a baya na jeka-ka-dawo ne, a fita da safe, a shiga ruwa sau biyu, a komo otal kafin magariba. Kwana a jirgi wani abu ne daban, domin jirgin shi ne ɗakin kwananka, shi ne wurin cin abincinka, shi ne masallacinka, kuma yakan kai ka wuraren da jiragen yini ba sa isa sai rana ta take.

Na tashi daga Kano a cikin watan Disamba, hunturu na kaɗawa, na bi ta Alƙahira zuwa Hurgada. Abu na farko da aka yi mana a bakin jirgin shi ne karɓe takalmanmu aka zuba a kwando, ba mu sake ganinsu ba sai ranar sauka. Mu ashirin ne baƙi, akasari Turawa daga Jamus da Ingila, ma'aikatan kuwa kusan duk Misirawa ne. Kafin a kai kowa ɗakinsa sai da aka zagaya da mu aka nuna mana ƙofar tsira da inda rigunan ceto suke, aka kuma hana cajin batir a cikin ɗaki da dare saboda tsoron gobara. Na kasa kunne sosai, har na buɗe ƙofar tsirar da hannuna don in tabbata tana buɗuwa, domin labarin jirgin masu nutso da ya kife kusa da Marsa Alam a watan Nuwamba na 2024 bai bar zuciyata ba.

Ƙararrawa ce ke mulkin jirgin. Ana kaɗa ta kafin fitowar rana don bayanin nutson farko, wanda ake yi kafin karin kumallo, sannan a yi na biyu da hantsi, na uku bayan azahar, wani lokaci kuma na huɗu da dare. Ma'aikatan suna da wata barkwanci, wai idan ka ji ƙararrawa ka rasa ta mece ce, ka shafa kanka, in ya jiƙe abinci ne, in ya bushe ruwa za a shiga. Salla kuwa ta zo mini da wani abin da ban yi tsammani ba. A Zariya mutum ya san gabas ko da idonsa a rufe, amma a arewacin Bahar Maliya alƙibla tana kudu maso gabas, ga shi jirgin da aka ɗaure yana juyawa da iska, inda ka fuskanta da asuba ba nan za ka fuskanta da azahar ba. Kullum sai in leƙa wurin matuƙin, shi kuma ya dubi na'urarsa ya miƙa hannu, daga baya ma na riƙa bin ma'aikatan jam'i a saman jirgin muna yin ƙasaru.

Nutson ranar farko na gwaji ne, a wuri marar zurfi. Ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, kimanin giram 40 a kowace lita, inda na sauran yake wajen 35, saboda haka yana tura mutum sama, sai an ƙara dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu. Ga kuma rigar roba mai kauri da sanyin Disamba ya tilasta mana, ita ma tana ƙara taso da mutum. Ni dai na ɗibi dalma fiye da kima don kada a ga ina ta fafutukar nitsewa, ban kuwa san wannan ƙaramar dabara za ta jawo mini abin da ta jawo ba.

A rana ta biyu muka je Abu Nuhas, wani tudun murjani da ya cinye jirage da dama, ciki har da Carnatic da ya nutse a 1869 da Giannis D na 1983. Ni da na san murjani a wuyan iyayenmu mata kawai, sai ga shi na gan shi da ransa, domin halitta ce mai rai, ba dutse ba, kuma an hana taɓa shi ko da ɗan yatsa. Daga nan muka tsallaka mashigar Gubal da iska mai ƙarfi. Mai dafa abincinmu ya miƙo mini maganin jiri tun kafin a tashi, na ce masa ba na bukata, sai ga ni rungume da bokiti har muka isa Ras Muhammad, wurin da Masar ta keɓe tun 1983 don kare halittun ruwa. Wannan wauta ce mai arha, domin ban biya ta da komai ba sai abincin rana.

Mai tsadar ta same ni ne a kan Thistlegorm. Jirgin dakon kaya ne na Ingila, mai tsawon sama da mita 120, da ya taso daga Gilasgo ya zagayo ta kudancin Afirka ɗauke da kayan yaƙi, jiragen saman Jamus suka jefa masa bam a watan Oktoba na 1941 yana jiran izinin wucewa zuwa Suwez, mutum tara suka rasa rayukansu. Jak Kusto, Bafaranshen da ya haɗa kai da Emil Ganyan suka ƙirƙiro na'urar numfashin da muke amfani da irinta a 1943, shi ya gano inda yake kwance a shekarun 1950. Ƙasan da jirgin yake kwance ya kai kimanin mita 30, kuma ruwan wurin yana da ja, saboda haka da igiya ake sauka, hannu bayan hannu, jikinka yana kaɗawa a gefe kamar wanki a kan shanya.

Kafin in faɗi abin da ya faru, ya kamata mai karatu ya san lissafin da duk mai nutso yake rayuwa a kansa. Kowace mita 10 da ka sauka, nauyin ruwa yana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, wato a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Ma'anar haka ita ce numfashi ɗaya a mita 30 yana cin iskar numfashi huɗu na sama. Tukunyar iskar da ke bayanka lita 12 ce, ana cika ta zuwa awo 200, kuma ƙa'ida ita ce ka fito da aƙalla 50. Jagora yakan tambayi kowa da alamar hannu, kai kuma ka ba shi amsa da hannu, akwai alamar rabi, wato 100, akwai dunƙulen hannu mai nufin 50.

Cikin jirgin akwai duhu, sai abin da tocila ta haska. Na ga babura jere a bayan manyan motoci, tayoyinsu na nan kamar jiya aka hura su, tsatsa da ƙananan halittu sun lulluɓe kan kowanne, ga takalman roba a warwatse, ga wani ƙaton kifi ya yi kwanciyarsa a mazaunin direba yana kallona ba tare da ya motsa ba. Launin ja yana ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, komai ya koma shuɗi da toka-toka, amma duk inda hasken tocila ya sauka sai tsatsar ta fito jawur. Hankalina ya tafi can, ga dalmar da na ƙara tana ja na ƙasa ina ta harbin ruwa da ƙafa don kada in taɓa komai, ina haki ban sani ba. Da jagoranmu ya juyo ya tambaye ni, na dubi ma'aunina na ga 80, na dubi sauran na ga kowa yana nuna sama da rabi, sai na ɗaga hannu na yi masa alamar rabi. Kunya ce ta sa ni, ba na so a ce saboda baƙon nan ɗan Nijeriya aka katse wa mutane kallon da suka biya kuɗi mai yawa suka zo yi.

Shi kuwa bisa amsata ya tsara sauran tafiyar. Da muka fito daga cikin jirgin sai muka tarar da jan ruwan ya ƙaru, muka yi ta fama kafin mu kai ga igiya, allurar ma'aunina ta shiga ja ta sauka ƙasa da 40. Ba a kuma yin gudu zuwa sama, domin iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wadda ke narkewa ta shiga jini da tsoka a ƙarƙashin matsi, idan aka taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jiki kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, abin da kan kai ga ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki ko mutuwa. Dole a hau a hankali, a kuma tsaya minti 3 a mita 5. A kan igiyar ne na daure na juya masa fuskar ma'aunin. Bai yi wata alamar faɗa ba, sai ya zaro abin numfashinsa na ko-ta-kwana, mai ruwan ɗorawa, ya miƙo mini, ya riƙe kafaɗar rigata, muka ƙarasa hawan muna shan iska daga tukunya ɗaya. Ban taɓa jin minti 3 mai tsawon wannan ba.

Bai yi mini magana a gaban mutane ba. Sai bayan la'asar ya same ni ni kaɗai a saman jirgi ya ce, "Ustaz, ƙarewar iska ba abin kunya ba ne, kowa da irin huhunsa, da ka nuna mini 80 da na juya da mu tun a lokacin, babu wanda zai ce uffan. Amma da ka nuna mini abin da ba shi ne ba, ka sa na yi lissafi da iskar da babu ita, ka kuma ci tawa da na tanada domin kowa." Ban sami abin cewa ba sai ban haƙuri. Mu da aka rene mu a kan kara da kawaici, a kan cewa namiji ba ya raki kuma baƙo ba ya ɗora wa mutane nauyi, wannan tarbiyya tana da kyau a zaure, amma a ranar na ga inda ta kusa halaka ni.

Wadda aka haɗa mu nutso tare, wata dattijuwa Bajamushiya da ta haura sittin, takan fito da kusan rabin tukunyarta a nutson da ni nake fitowa da ƙyar. Ita ce ta sa na cire kilo biyu na dalma, ta nuna mini in harɗe hannuwana a ƙirji in daina iyo da su, in ja numfashi a hankali in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, in kuma riƙa duba ma'auni kafin a tambaye ni. Washegari muka sake komawa Thistlegorm, na fito da 60. Na kuma fara amfani da iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32, wadda ke rage naitirojin da jiki ke tarawa, ko da yake tana da iyakar zurfinta, kimanin mita 33, kuma kowa da kansa yake auna tukunyarsa ya rubuta adadin ya sa hannu. Shan ruwa ma aiki ne a jirgi, domin iskar tukunya busasshiya ce, tana busar da maƙogwaro kamar hunturun Samaru.

Nutson dare sau biyu na yi. Akwai wani kifi mai ƙayoyin dafi da ya koyi bin hasken tocila yana farauta da shi, saboda haka mutum ba ya miƙa hannu inda bai haska ba. Da muka rufe fitilunmu muka kaɗa hannu, sai ruwan ya riƙa tartsatsi da wasu ƙananan halittu masu haske kamar makesu.

A rana ta biyar na farka kunnena na hagu ya toshe, ragowar murar da na taso da ita daga gida ta motsa. Mai nutso yana toshe hanci ya hura a hankali don daidaita matsin kunne yayin sauka, idan kuwa hanyar ta toshe ya matsa, yana iya fasa dodon kunnensa. Da aka kaɗa ƙararrawa na je na ce wa jagoran yau ba zan shiga ba, na faɗa masa dalili. Ya ce madalla, ya rubuta, shi ke nan. Na zauna da mai dafa abinci muna shan shayi, sai ga ayarin dolfin, wasu manyan dabbobin teku masu siffar kifi, sun zo suna zagaya ƙaramin kwalekwalen roba da ke ɗauko masu fitowa.

An rufe nutso da hantsin rana ta shida, domin ba a hawa jirgin sama alhali ragowar naitirojin ɗin da nutso ya tara tana jiki. Masana sun ce bayan nutso na kwanaki a jere a jira aƙalla awa 18, jirginmu kuwa awa 24 ya gindaya. Aka fito da kwandon takalma, muka haɗa wa ma'aikata ɗan hasafi kamar yadda aka saba, na kwana ɗaya a Hurgada, sannan na kamo hanya.

Na iso Zariya daga Kano gab da magariba, na wuce masallacin unguwarmu kafin in shiga gida. Da na tsaya a sahu sai na ji ƙasa tana lilo da ni, har na ɗan dafa kafaɗar na kusa da ni, abin da ya ɗauki kwana biyu kafin ya sake ni. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta ga yadda rana ta ƙona mini fuska ta bar zagayen tabarau, ta tambaya ko an sami wata matsala. Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na fasa, na jawo tabarma na zauna na ba ta labarin igiyar tun daga farko.