Gayyar jera lambobi

A gidanmu na Ƙofar Ƙaura, duk ƙarshen zangon karatu Baba yakan dawo da takardun jarrabawar ɗalibansa ɗaure da igiya. Sai ya kasa su huɗu, ya miƙa mana mu huɗu, kowa ya jera nasa daga mafi yawan maki zuwa ƙasa. In mun gama, ya zauna kan tabarma da tulin huɗu a gabansa, ya dubi ta saman kowanne, ya zare mafi girma ya kife, ya sake dubawa. Sai da na fara rubuta manhaja na gane cewa wannan raba-ka-haɗa tsohuwar dabara ce a duniyar kwamfuta, masanin lissafi John von Neumann ya tsara ta tun 1945.

Makon jiya na ce bari in sa kwamfutata ta yi irin na Baba. Ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, wato sassa huɗu da kowanne ke iya yin nasa lissafin lokaci guda, ga lambobi miliyan ɗaya a fayil, aikin da ke cin kwatance kusan miliyan 20. Me zai hana kowace ƙwaƙwalwa ta ɗauki 250,000?

Da zare huɗu na fara a yaren manhaja na Python, wato layukan aiki huɗu a cikin manhaja ɗaya, ban ga wani sauri ba. Akwai makulli da ake kira GIL, wanda ba ya barin zare biyu su gudanar da umarnin Python lokaci guda. Ka tara majiya ƙarfi huɗu a gona ka ba su fartanya ɗaya ke nan.

Na koma kan multiprocessing, hanyar raba aiki ga manhajoji masu zaman kansu, inda kowane ma'aikaci ke da fartanyarsa. A nan na tuna gayya ba kyauta ba ce, sai an dama fura an tuƙa tuwo. Ma'aikatan ba ma'ajiya ɗaya suke amfani da ita ba, don haka dole a ƙunshe kason kowa, a aika masa, ya kwance, ya jera, ya sake ƙunshewa ya dawo da shi. Da na gwada da lambobi 10,000, sorted, umarnin jerawa na Python, shi kaɗai ya gama tun 'yan gayya ba su ɗaura ɗamara ba. Ashe masu yaren Java sun san da haka: parallelSort, umarninsu na jerawa ta gayya, kamar yadda ya zo a Java 8, in jerin bai wuce 8,192 ba, ba ya kiran kowa, shi kaɗai yake yi.

Inda na fi daɗewa shi ne zaman tabarmar Baba. Haɗa tulin huɗu a hanyata aikin mutum ɗaya ne, sauran ukun sai kallo. Lissafin Gene Amdahl na 1967 ya faɗi iyakar abin: in kashi ɗaya cikin biyar na aiki ba ya rabuwa, ma'aikata huɗu ninki biyu da rabi kawai za su ba ka, ko dubu ka tara ba za ka haura ninki biyar ba. Da heapq.merge, umarnin Python na haɗa jeri da jeri, na fara haɗawa, yana tafiya kamar jakin da ya sha kaya. Daga baya na liƙa kason huɗun a jere na sake kiran sorted a kansu. Wauta ce a ido, amma Timsort, dabarar da sorted ke aiki da ita, da Tim Peters ya rubuta a 2002, yana gane sassan da aka riga aka jera, sai ya haɗe su kawai, kuma da yaren C, wanda ya fi Python gudu nesa ba kusa ba.

Bayan la'asar na buga sakamakon ina jin kaina. Autarmu ta kawo mini shayi, ta leƙa allon.

"Yaya, tun yaushe tara ta fi tamanin?"

Na duba, ga 9 can bayan 80. Lambobin a matsayin rubutu na karanto su daga fayil, ban mayar da su adadi ba, kwamfuta kuwa ta bi su harafi-harafi. Kalma ɗaya ce gyaran, int, mai mayar da rubutu adadi. Ta ajiye kofin ta fita tana dariya, ina jin ta a tsakar gida tana kai wa Baba rahoto.